Wane Taki Ne Ke Ba da Masarar da Za Ta Kai Bazara a Ajiye?

Akwai maganar da ta daɗe a bakin manoma daga Giwa da Soba har zuwa Saminaka a Jihar Kaduna, cewa masarar takin zamani ba ta ajiyuwa, wai kafin hunturu ya wuce ƙwari sun mayar da ita gari, alhali masarar da iyaye suka noma da kashin shanu kan shekara a rumbu ba abin da ya same ta. Maganar tana da tushe, sai dai an ɗora wa taki laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma manomin da zai kashe kuɗinsa a farkon damina yana da haƙƙin sanin inda gaskiyar ta tsaya kafin ya zaɓi tsakanin yuriya zalla, da kamfa (takin NPK mai haɗin naitirojin da fosfaras da fotash) haɗe da yuriya, da takin gida, da gamin su biyun.

Masara ba ta zama amfanin gona na babbar gona a ƙasar Zazzau ba sai daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirin raya noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, a zamanin da Funtuwa ke cikin Jihar Kaduna kafin a cire Katsina a 1987. Abubuwa biyu suka shigo tare a wancan lokacin: taki mai rangwamen farashi, da ingantaccen iri irin su TZB wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, daga baya kuma iri mai aure, wato wanda ake samu ta haɗa iri biyu, ya biyo. Kafin nan masara abar ƙaramar gonar kusa da gida ce, ana gasa ta ko a dafa, kuma ƙwayarta ƙanana ce mai tauri wadda ɓawo ya lulluɓe ta ruf har ya zarce kan goyon. Sababbin irin sun fi yawan amfani nesa ba kusa ba, amma da yawansu ƙwayarsu ta fi laushi, ɓawonsu kuma bai kai na da matsewa ba. Tun da iri da taki sun zo a rana ɗaya, sai ido ya kasa rarrabe wane ne ya jawo ƙwarin, aka jingina abin ga wanda ake gani a buhu.

Kafin a auna takin, ya kamata a san yadda ɓarnar ke faruwa. Babban mai laifi shi ne ƙwaron nan baƙi-baƙi mai dogon baki, wanda masana ke kira Sitophilus zeamais. Macen takan huda ƙwaya da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya, ta toshe ramin da wani ruwa mai danƙo, tsutsar ta ƙyanƙyashe a ciki ta yi ta ci har ta rikiɗe ta fito, kuma duk wannan kan ɗauki kimanin mako biyar idan akwai zafi da danshi. Ƙwaron yana tashi sama, saboda haka tun masara tana tsaye a gona yake fara shigarta ta kan goyon da ɓawo bai rufe ba, sai manomi ya ɗauko shi da hannunsa ya kai rumbu bai sani ba. Akwai kuma babban mai huda, Prostephanus truncatus, ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya, wanda ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, ya bazu a Afirka ta Yamma. Shi wannan ya fi son masarar da aka ajiye a kan totuwarta, kuma har itacen rumbu yana hudawa. Sai jan ƙwaron gari, wanda ba ya iya fasa lafiyayyar ƙwaya, yana jiran wadda ta karye ko wadda wasu suka riga suka huda. Daga nan za a ga cewa abubuwa huɗu ne ke tsakanin masara da ƙwari: taurin ƙwaya, da rufin ɓawo, da bushewa, da rashin karyewa. Taki yana da hannu a cikin kowannensu, amma ba daidai wa daida ba.

A fara da manomin da ya sa taki kaɗan ko bai sa ba sam, domin shi ne mutane ke zaton masararsa za ta fi ajiyuwa. Ƙasar yankinmu ta gaji, ba ta da isasshen naitirojin da fosfaras, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta kuma ƙalilan ne. Masarar da ta tashi cikin yunwa takan ba da ƙaramin goyo da ƙwaya maras nauyi, wadda idan ka fasa ta da haƙori za ka tarar cikinta fari fat mai gari-gari. Dalilin haka shi ne furotin ne ke ɗaure sitacin ƙwaya ya matse shi ya zama wannan ɓangaren mai tauri da sheƙi, furotin kuwa da naitirojin ake gina shi. Idan babu naitirojin sai sitacin ya zauna sakwa-sakwa, bakin ƙwaro ya shige shi ba wahala, injin casa ma ya farfasa shi. Abu ɗaya da ke taimakon irin wannan masarar shi ne goyonta ƙarami ne, ɓawo kan rufe shi duka, kuma takan bushe da wuri. Amma akwai haɗarin da ya fi ƙwari muni: shukar da yunwa da fari suka galabaitar ta fi saurin kamuwa da funfunar nan mai kore-kore da ke haifar da gubar afilatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma ita ce ta hallaka mutum 125 a Kenya a 2004 bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Gonar da ba taki kuma ita ce gidan wuta-wuta. A ganina wannan hanya ba ta cancanci a kira ta zaɓi ba, dole ce kawai ke sa mutum ya bi ta.

Yuriya zalla ita ce hanyar da ta fi jan hankali, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Buhun yuriya yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, fiye da kowane takin da ake samu a kasuwa, ana kuma yin ta a cikin ƙasar nan, a masana'antu irin su ta Indorama a Jihar Ribas da ta Dangote a Legas. Kwana kaɗan bayan an zuba, gona takan yi kore shar, mai wucewa ya tsaya yana yabo. Kuma gaskiya ne naitirojin yana ƙara furotin a ƙwaya, yana ƙara mata tauri da nauyi, yana rage karyewarta, wanda duk alheri ne wajen ajiya. Matsalar tana tasowa ne idan aka bar shi shi kaɗai. Shukar da ta ƙoshi da naitirojin amma ba ta samu fotash ba takan yi tsawo da kara mai ruwa-ruwa, iskar ƙarshen damina ta kwantar da ita, goyon da ya taɓa ƙasa kuwa ya haɗu da gara da danshi da funfuna. Rashin fosfaras kuma yana jinkirta fitar gemu da nuna, sai masarar ta kai lokacin girbi da sauran ruwa a jikinta. Idan aka ƙara da sa yuriyar a makare, bayan masara ta riga ta fitar da kai, jinkirin sai ya ƙaru, ganye ya yi ta zama ɗanye, manomi kuma ya gaji da jira, ko tsoron ɓarayi da shanu ya sa shi ya karye ta ba ta gama bushewa ba. Ƙwaya mai danshi ta fi laushi a bakin ƙwaro ko da furotin ɗinta ya yi yawa, kuma a cikinta ne tsutsa ta fi saurin girma. Ina ganin mafi yawan masarar da ake kuka da ita cewa takin zamani ya ɓata ta, irin wannan ce.

Akwai wani abin lura game da furotin ɗin da yuriya ke ƙarawa, wanda ya shafi masu ciyar da yara da masu kiwon kaji. Ƙwayar masara tana da furotin tsakanin kashi 8 zuwa 11 cikin 100, sitaci kusan kashi 70, mai kuma wajen kashi 4. Abin da naitirojin ya fi ƙarawa shi ne nau'in furotin da ake kira zeyin, wanda shi ne ke ba da taurin, amma ya yi ƙarancin laisin da tiriftofan, sinadarai biyu da jikin yaro ke bukata don girma. Saboda haka taki ba ya mayar da masara madadin wake ko waken soya. Wanda ke neman masara mai gina jiki sai ya nemi irin da aka ƙirƙira don haka, kamar SAMMAZ 14, wato Obatanpa ta ƙasar Gana wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a nan. Tarihin wannan nau'in ma darasi ne a kan batunmu: masarar farko mai yawan laisin da aka gano a jami'ar Purdue ta Amurka a 1964 laushi gare ta ƙwarai, ƙwari suka yi ta cinye ta, sai da masu bincike a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko suka shafe shekaru suna taurara ƙwayarta kafin manoma su karɓe ta. Ta hanyar iri suka gyara ta, ba ta hanyar taki ba.

Yuriya kuma tana da halin da ke cin kuɗin manomi a ɓoye. Idan aka watsa ta a saman ƙasa cikin rana ba a binne ba, wani kaso nata yana bin iska, idan ruwa mai ƙarfi ya biyo baya kuma ya wanke saura. Yawan amfani da ita shekara da shekaru ba tare da takin gida ba yana sa ƙasa ta yi tsami.

Hanya ta uku ita ce wadda malaman gona suka daɗe suna koyarwa a wannan yanki: kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na fosfaras, da kilo 60 na fotash a kowace hekta. Lissafin a buhu ba shi da wuya. Buhu 8 na kamfa 15:15:15 (mai kashi 15 cikin 100 na kowane ɗaya daga cikin ukun), wato kilo 400, suna ba da 60 na kowanne, ana sa su lokacin shuka ko cikin mako biyun farko. Sai kilo 130 na yuriya, buhu biyu da rabi da ɗan ɗori, su cike sauran 60 na naitirojin tsakanin mako na huɗu da na shida, a binne a gindi ko a bi da ban ƙasa. Wanda ya sayi 20:10:10, wanda ya yawaita a kasuwa tun da gwamnatin tarayya ta fara shirinta na haɗa taki a cikin gida, ya sani cewa buhu 8 nasa fosfaras da fotash 40 kacal suke bayarwa, saboda haka ba daidai yake da 15:15:15 ba ko da sunansu ɗaya ne a bakin mai shago. Masarar da aka ciyar ta wannan hanya ita ce ke cika har kan goyo, layukan ƙwayarta su miƙe, ƙwayar ta matse a totuwa, karan ya tsaya har girbi, gonar kuma ta nuna gaba ɗaya a lokaci guda, wanda ke ba manomi damar karyewa sau ɗaya ba tare da ɗanya ta cakuɗa da busasshiya ba. Rashin fotash ana gane shi tun a gona, gefen tsofaffin ganye kan ƙone, goyon ya tsuke a sama ba ƙwaya, waɗanda suka fito kuma su yi sako-sako; rashin fosfaras kuwa shi ne ke sa ganyen ƙaramar shuka ya yi shuɗi-shuɗi mai ja.

Amfanin wannan ƙwaya ba a rumbu kaɗai yake ba. Mai surfe ya san masarar da ke jure inji ta fito da tsaki mai yawa, da wadda ke narkewa rabinta ya bi dusa. A kasuwannin ƙauye da mudu ko tiya ake awo, nauyi bai cika damun kowa ba, amma masu saye don kamfanonin abincin kaji, irin babbar masana'antar Olam da aka buɗe a Chikun a 2017, da sikeli suke aiki kuma suna gwada danshi, a nan ne cikakkiyar ƙwaya ke biyan mai ita.

Sai dai wannan hanya ta uku ma tana da rauninta, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Iri mai aure idan ya ƙoshi, musamman inda aka ba shuka tazara mai yawa, goyonsa kan yi girman da zai leƙo waje ya bar ɓawo a baya, wannan kan da ya fito kuwa ƙofa ce ga ƙwari da tsuntsaye da ruwan sama. Bayan haka kamfa na yau da kullum ba shi da sulfa da zinki, alhali gonaki da yawa a yankin suna ƙarancinsu. Tsohon takin supa, wanda a da aka daɗe ana yi a nan Kaduna, yana ɗauke da sulfa tare da fosfaras, kuma da aka rage amfani da shi sai wannan giɓin ya fito fili. Sulfa na cikin abin da ake gina furotin da shi, don haka rashinsa yana rage amfanin naitirojin ɗin da aka saya da tsada. Sai tsadar kanta, wadda ita ce ke korar yawancin mutane zuwa ga yuriya zalla.

Takin gida, wato kashin shanu da na awaki da na kaji da juji, shi ne ke da abin da sauran ba su da shi. Yana sakin abincinsa sannu a hankali, yana ɗauke da ƙananan sinadaran da kamfa ya rasa, yana sa ƙasa ta riƙe ruwa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ɗaukewar ruwa na mako biyu lokacin da masara ke fitar da gemu ko take cika ƙwaya shi ne ke haifar da motsattsiyar ƙwaya mai tsaga, ta wannan tsagar kuma funfuna ke shiga. Gonar da Fulani suka yi mashekari a cikinta da rani takan jure irin wannan fari fiye da maƙwabciyarta. Amma a yi lissafi: busasshen kashin shanu naitirojin ɗinsa wajen kashi 1 cikin 100 ne, sau da yawa ma bai kai ba idan rana da ruwa sun daɗe suna dukansa, wato tan guda kilo 10 yake bayarwa, kuma ba duka ne zai fito a shekarar farko ba. Mai neman kilo 120 daga gare shi kaɗai yana maganar fiye da tan 12 a hekta ɗaya, abin da mai amalanke ɗaya ba zai iya ba. Kashin kaji ya ninka shi ƙarfi sau biyu ko uku, shi ya sa manoman kewayen Kaduna da Zariya ke rububinsa, amma ɗanyensa yana ƙona shuka, ya kamata a bar shi ya huce ko a zuba shi kafin huɗa. Wanda ya dogara da takin gida zalla a babbar gona yakan ƙare da masarar da ta ji yunwar naitirojin a daidai lokacin da ta fi bukatarsa, ya koma kusa da halin wanda bai sa komai ba. A gonar bayan gida, inda ake zuba shara da toka da kashin dabbobi kowace shekara, lamarin daban ne, kuma daga irin waɗannan gonakin ne sunan masarar takin gida ya samo asali.

Idan aka tambaye ni, gamin biyun ya fi kowanne shi kaɗai ga wanda ke nufin ajiye masararsa har farashi ya tashi a bazara: takin gida gwargwadon abin da aka samu kafin huɗa, kamfa da wuri, yuriya a kan kari ba a makare ba. Idan gonar ta ɗauki waken soya ko gyaɗa a bara, to an ƙara samun sauƙi, domin sun bar wa ƙasa wani abu kuma waken soya yana rage wuta-wuta. Mai buhu uku kacal, biyu kamfa ɗaya yuriya, ya sani cewa a cikakken ma'auni abin da ke hannunsa na rubu'in hekta ne da ɗan ɗori, da takin gida kuma zai iya riƙe rabin hekta. Ya fi masa ya tsaya a nan ya ba sauran filin dawa ko waken soya, da ya barbaɗa su a hekta biyu ya girbe ƙwayar da ba nauyi ba tauri. Wanda kuwa zai sayar da kaka kai tsaye daga gona, ko mai noman masarar gashi, batun ƙwari bai dame shi sosai ba, yawan amfani ne ma'auninsa, ko da yake shi ma faɗuwar kara asara ce a gare shi.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka cewa akwai takin da ke hana ƙwari. Tazarar da ke tsakanin iri mai tauri da iri mai laushi ta fi tazarar da taki zai iya kawowa a cikin iri ɗaya, domin taurin ƙwaya da kaurin fatarta da tsawon ɓawo gado ne, taki yana taimaka wa shuka ne ta cika abin da ta gada. Saboda haka lokacin sayen iri ya dace a tambayi malamin gona ko dillali game da rufin ɓawo da taurin ƙwaya, ba yawan buhu kaɗai ba. Mafi kyawun ƙwaya ma jinkirta ƙwari take yi, idan aka zuba ta a tsohon buhu ko rumbun da ba a share ragowar bara ba, za su cinye ta. Dole danshi ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, kuma hunturunmu yana yin wannan aikin kyauta ga wanda ya shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa ba. Manoman Kudancin Kaduna, inda ruwa ke daɗewa bai ɗauke ba, su ne suka fi bukatar haƙuri a nan. Wanda ba shi da na'urar gwaji zai iya zuba ƙwaya da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ya girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran shanya. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda aka fara yi don wake, yana kashe ƙwari ta hanyar ƙarewar iska ba tare da magani ba, muddin masarar ta bushe kuma ledar ba ta huje ba. Ga funfuna mai guba kuma akwai Aflasafe na IITA, wani haɗi mai rage gubar afilatoksin, wanda ake watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da kai. Zuba maganin feshi irin na sauro da kyankyaso a cikin hatsi kuwa ganganci ne da rayukan masu ci, kuma irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015.

Ranar karya masara, musamman a gonar da ta sha taki ta yi manyan goyo, a ware kashi biyu tun a gona. Duk goyon da kansa ya leƙo, ko tsuntsu ya tsattsage, ko karansa ya kwanta ya taɓa ƙasa, a tara shi gefe guda, a zubar da mai funfuna, a fara ci ko sayar da sauran. Wanda ɓawonsa ya rufe ruf kuma ya bushe a tsaye shi ne na ajiya, kada a haɗa su a buhu ɗaya.